Wanda ya biya kuɗin ƙera jirgi, a bar masa makulli

A farkon Janairun 2013 aka rufe karɓar karo-karon wasan kwamfuta na fataucin sararin samaniya mai suna Elite: Dangerous a dandalin Kickstarter, shafin intanet inda jama'a ke tara wa mai aiki kuɗi tun kafin ya yi aikin. David Braben da kamfaninsa Frontier Developments na birnin Kambirij a Ingila sun nemi fam miliyan 1.25, mutum 25,681 suka tara musu fam 1,578,316. Cikin alkawuran da aka yi wa waɗannan mutane har da cewa kowa zai iya buga wasan shi kaɗai a kwamfutarsa ko da babu intanet. A watan Nuwamban 2014, saura wata guda wasan ya fito, kamfanin ya sanar cewa wannan ɓangare ba zai samu ba. Wasan ya fito ranar 16 ga Disamba, kuma ya yi kyau, ba mai musun wannan. Amma tun daga lokacin ransa yake rataye da sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da kowane ɗan wasa ke haɗuwa da ita. Ranar da aka kashe ta, rukunan taurari biliyan 400 da ke cikin wasan za su mutu tare da ita.

Ra'ayina shi ne masoya ne suka raya wasannin fataucin sararin samaniya, da guminsu tukuna, sannan da kuɗinsu, amma abin da ake ba su a madadi bai kai abin da suka bayar ba. Suna a cikin jerin godiya da hoton jirgi ba su isa ba. Haƙƙinsu shi ne wasan da suka biya aka gina ya kasance zai rayu ko bayan kamfani ya gaji da shi, kuma a rubuta hakan tun kafin su miƙa ko sisi.

Sai an san abin da ake farfaɗowa za a gane abin da ake asara. Elite na asali, wanda Elite: Dangerous ya gada, ya fito a 1984, aikin ɗalibai biyu ne na Jami'ar Kambirij, Braben da Ian Bell, a kan kwamfutar BBC Micro mai ƙwaƙwalwar kilobait 32 kacal. Za ka tsinci kanka a tashar Lave da jirgi ƙirar Cobra Mk III, da kiredit 100 (kuɗin cikin wasan) a aljihu, da ma'ajiyar kaya mai cin tan 20, da tankin man da ba ya kai ka fiye da tafiyar haske ta shekara 7. Haja iri 17 ce a kasuwa. Ƙa'idar ita ce ta kowane falke: duniyar manoma tana sayar da abinci da fatu da araha, tana sayen kwamfuta da injuna da tsada, duniyar masana'antu kuma akasin haka. Kiredit ɗarin nan ba sa cika maka ma'ajiya sai da kaya mafi araha, tan ɗaya na kwamfuta ma ya kusa lashe jarin gaba ɗaya. Kowace duniya tana da irin gwamnatinta, iri 8 ne, daga mai cikakken tsaro har zuwa wadda babu doka sai 'yan fashi. Ko ka kuɓuta daga 'yan fashin, shiga tasha kanta jarrabawa ce. Tashar tana juyawa a kan kanta, ƙofarta kuwa siririyar tsaga ce. Dole ka saita hancin jirgi a tsakiyarta, ka rage gudu, ka riƙa mirgina jirgin daidai da yadda take juyawa. Ka kauce kaɗan, gefen jirgi ya gogi bango, kai da hajarka kun tafi. Na'urar da ke yi maka wannan aiki kiredit 1,000 ce, faɗaɗa ma'ajiya zuwa tan 35 kuma kiredit 400. A nan daɗin wasan yake: ribar tafiya goma tana hannunka, sai ka zauna ka yi shawara da kanka, ma'ajiya za ka faɗaɗa ko makami za ka saya.

Akwai duniyoyi 2,048 a wasan, gungu 8 kowanne da 256, kuma ba a ajiye bayanin ko ɗaya daga cikinsu ba, don babu wurin ajiyewa. Lambobi uku kawai aka ajiye, bait 6 duka-duka. Manhajar za ta haɗa ukun, ta yar da ta farko, sauran biyun su matsa gaba, jimillar ta zauna a ƙarshe. A maimaita sau huɗu, an sami sabuwar duniya: daga lambobin ake ciro sunanta da wurinta a taswira da irin arzikinta da gwamnatinta. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ke riƙe da kwafin wasan yana riƙe da sararin samaniyar baki ɗaya. Shi ya sa bayan shekara 40 ana iya kunna shi a kowace kwamfuta da manhajar da ke kwaikwayon BBC Micro, ba sai an nemi izinin kowa ba.

Bayansa an yi Frontier: Elite II da Wing Commander: Privateer a 1993, da First Encounters a 1995, wanda aka fitar kafin ya nuna, cike da kurakurai, har ta kai Braben da kamfanin GameTek gaban kotu. An yi Escape Velocity a 1996, sai Freelancer a 2003. Daga nan manyan kamfanonin da ke ɗaukar nauyin wasanni suka juya baya. Hujjarsu ba ɓoyayya ba ce: irin wannan wasa yana da tsadar yi, yana buƙatar maɓallai da yawa da ba sa zama daidai a madannin wasan talbijin, kuma wasannin harbi sun fi shi kasuwa nesa ba kusa ba. Jerin wasannin X na kamfanin Egosoft a Jamus da EVE Online ne suka ci gaba da riƙe tuta, sauran fili kuwa ya zama kufai.

A cikin wannan kufai masoya suka yi aikin da har yau ba a yaba musu yadda ya kamata ba. Christian Pinder ya warware Elite na asali layi-layi ya sake rubuta shi da harshen rubuta manhaja na C, ya kira shi Elite: The New Kind, sai da aka sa ya janye shi a 2003 saboda haƙƙin mallaka. John Jordan ya yi wa First Encounters irin wannan tiyata, ya gyara kurakuransa, ya sa shi yana aiki a kwamfutocin zamani. Giles Williams ya fito da Oolite a 2004, ya buɗe rubutun tushensa, wato ainihin rubutun da aka gina manhajar da shi, ga kowa, masoya suka yi ta ɗora masa jirage da tasoshi da ayyuka har ɗaruruwa. Pioneer ya bi sawun Frontier, Privateer Gemini Gold ya sake gina Privateer a kan injin Vega Strike (inji shi ne manhajar da ake gina wasa a kanta), Endless Sky na Michael Zahniser ya ɗauki gadon Escape Velocity. Ba wanda ya biya su albashi.

Misalin Freelancer ya fi kowanne koyar da darasi. Microsoft ya sayar da wasan tare da manhajar sabarsa a cikin faifai ɗaya, don haka kowa na iya kafa tasa sabar a gida ya gayyaci jama'a. Da kamfanin ya kashe jerin da ke nuna wa 'yan wasa inda sabobi suke, masoya suka kafa nasu jerin, suka fitar da ɗan gyaran da ke karkatar da wasan zuwa gare shi, rayuwa ta ci gaba. Wani gyaran masoya mai suna Discovery ya ƙara jirage da taurari da ƙungiyoyi, ana kuma buga shi shekaru masu yawa bayan kamfanin da ya ƙirƙiro wasan, Digital Anvil, ya daina wanzuwa. Ba wata mu'ujiza ba ce. Ƙaramar manhaja ɗaya da aka bari a faifai ita ta yi wannan aiki.

Saboda haka lokacin da guguwar karo-karo ta taso a 2012, ba a kan fako ruwan ya sauka ba. A watan Fabrairu kamfanin Double Fine ya nemi dala 400,000 ya sami sama da miliyan 3.3, masu tsofaffin wasanni suka farga. Mutum biyu masu yin wasan jirgin samaniya FTL sun nemi dala 10,000 suka sami sama da 200,000, suka kuma fitar da wasan a Satumban shekarar. A Oktoba Chris Roberts, mai Wing Commander, ya bayyana Star Citizen: ya nemi dala 500,000 a Kickstarter ya sami fiye da miliyan 2.1, idan aka haɗa da abin da ya tara a shafinsa kuma kuɗin sun haura miliyan 6.2 kafin ƙarshen Nuwamba. A watan ne Braben ya shigo, da wani matashi mai suna Josh Parnell da wasansa Limit Theory. Mutanen da suka zuba kuɗin nan su ne waɗanda suka shekara goma suna gyara tsofaffin wasanni da zana taswirori. An tarar da kasuwa a haɗe, ba a haɗa ta ba.

To me mai karo-karo yake saya? A tsarin Kickstarter, in ba a kai adadin da aka nema ba, ba a cire wa kowa kuɗi. In an kai, dandalin zai ɗauki kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su ɗauki kashi 3 zuwa 5, ragowar ya tafi ga mai aiki a dunƙule, tun kafin ya nuna komai. Mai bayarwa ba shi da hannun jari, ba shi da rabon riba, ba shi da ikon duba littafin kuɗi. Dandalin ba ya lamunin cewa aikin zai kammala. Ranar da aka rubuta ta isar da kaya hasashe ce kawai. Kamfanin da a da yake ɗaukar nauyin wasa ba ya bayar da kuɗi haka: yana biya ne zango-zango, kowane zango sai an kawo abin da aka yi alkawari, kuma yana iya cewa a datse kaza a fitar da wasa. Wannan iko ya sha ɓata wasanni, gaskiya ne, First Encounters shaida ne. Amma da aka kore shi ba a sa komai a gurbinsa ba.

Kuɗin ma ba su kai yadda ake zato ba. A ƙaddara kowane ma'aikaci yana cin dala 10,000 a wata, idan an haɗa albashi da haya da kayan aiki da haraji. Mutum 20 a shekara biyu sun ci dala miliyan 4.8. Braben da kansa ya ce kasafin farko na Elite: Dangerous ya kai wajen fam miliyan 8, wato abin da aka tara a Kickstarter bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Frontier kamfani ne tsayayye tun 1994, yana da injinsa na kansa da sauran wasannin da ke kawo masa kuɗi, a Yulin 2013 kuma ya shiga kasuwar hannun jari ta AIM a Landan. Karo-karon ya fi zama shaidar cewa akwai masu saye, wadda ake nuna wa masu manyan kuɗi. Masu manyan kuɗin sun sami hannun jari. Waɗanda suka ba da shaidar sun sami kwafin wasa.

Idan kuma babu kamfani a bayan aikin, sai a ga abin da ya faru da Limit Theory. Parnell ya nemi dala 50,000, mutum 5,449 suka ba shi 187,865. Bayan an cire kason dandali, abin da ya rage bai wuce wajen 170,000 ba. Da wannan ya ɗauki alkawarin sararin samaniya marar iyaka wanda manhaja ke ƙirƙirowa, da kasuwar da jiragen kwamfuta ke yin cinikinsu na gaskiya a cikinta, su haƙo ma'adinai, su kafa masana'anta, farashi ya tashi ya sauka da kansa. Nan ne wahalar take. Zana jirgi mai kyau abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da sa dubban 'yan kasuwa na ƙarya su riƙa yanke shawara a kowace daƙiƙa ba tare da kwamfuta ta shaƙe ba. Ya sake rubuta ginshiƙin wasan fiye da sau ɗaya yana neman gudu, shekaru suka tafi, kuɗi suka ƙare, a Satumban 2018 ya sanar cewa ya kasa. Amma ya yi abin da nake ganin ya cancanci girmamawa: a 2022 ya saki rubutun tushen aikin ga jama'a. Waɗanda suka biya ba su sami wasan ba, sun dai sami abin da kuɗinsu ya gina, wanda duk mai iyawa zai ɗora daga inda aka tsaya.

Star Citizen kuwa cutarsa ta yalwa ce. An sa Nuwamban 2014 a matsayin lokacin isarwa. Da kuɗi suka ci gaba da kwarara, sai aka riƙa ƙara alkawari a kan kowace sabuwar miliyan har zuwa miliyan 65, ciki har da rukunan taurari 100. Kuɗin sun kai dala miliyan 100 a Disamban 2015, miliyan 500 a 2022, miliyan 700 a 2024. A Disamban 2016 aka sanar da sauya inji daga CryEngine zuwa Lumberyard na Amazon, shekara guda bayan haka Crytek, kamfanin da ke da CryEngine, ya kai ƙara, sai 2020 aka sasanta. Shekaru da dama rukuni ɗaya ne ake yawo a cikinsa, Stanton, na biyun mai suna Pyro sai a ƙarshen 2024 ya iso. Duk wanda ya taɓa gina manhaja ya san dalili. Kowane sabon ɓangare sai ya yi magana da dukkan waɗanda suka riga shi: ka ƙara tafiya da ƙafa a cikin jirgi mai gudu, sai ka sake lissafin nauyi da motsi, da yadda saba ke aika matsayin kowane akwati ga kowane ɗan wasa, da yadda kaya ke shiga ma'ajiya. Aiki ba ƙaruwa yake ba, ninkawa yake. Abin da suka gina yana da ban mamaki, kuma mai yiwuwa babu kamfanin da zai yarda ya ɗauki nauyinsa. Wannan ba ya goge cewa wanda ya ba da dala 30 a 2012 wani wasa daban aka ce za a ba shi.

Abin da ya fi damuna a can shi ne sayar da jirage da kuɗin gaske. A 2018 an fito da kunshin jirage na dala 27,000, a farkon 2024 irinsa ya kai 48,000. A 2021 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta sa kamfanin ya riƙa bayyanawa ƙarara idan jirgin da yake tallatawa zane ne kawai, ba a gina shi ba tukuna. Ko an ajiye maganar adalci gefe, wannan ciniki yana cin wasan daga ciki. Wasan fatauci tsani ne. A Elite: Dangerous kana farawa da ƙaramin Sidewinder mai cin tan 4 da kiredit 1,000, kana hango Anaconda mai kimanin kiredit miliyan 147. Duk tafiyar da ka yi taki ɗaya ce a kan tsanin. Da zarar kamfani ya dogara da sayar da matakalar sama, yana da dalilin sa hawa da ƙafa ya yi wuya, ko kuma ya riƙa fito da sabon jirgi da ya fi na jiya. Frontier ma a 2024 ya fara sayar da damar mallakar sababbin jirage da wuri da kuɗin gaske. Wanda aka ba maɓallin kasuwa da maɓallin shagonsa a hannu ɗaya, ba a ce ya yi mugunta ba, amma an ɗora masa jarraba.

Masoya ma suna da nasu laifin, kuma ɓoye shi ba so ba ne. An tambayi masu karo-karon Star Citizen ko a ci gaba da tara kuɗi da ƙara alkawura, rinjayensu suka ce a ci gaba. Wanda ya zuba dubbai a cikin abu yakan koma mai gadinsa, duk wanda ya tambayi ina aka kwana sai a ɗauke shi maƙiyi. Ga shi kuma masu bayarwa ba abu ɗaya suke so ba: wani falke ne mai son a bar shi da hajarsa lafiya, wani ɗan fashi ne da ba shi da wasa sai an sami falken da zai tare. Duk da haka, inda aka saurare su a kan abin da suka sani, an ci riba. Tsarin farko na Elite: Dangerous shi ne a riƙa tsalle daga wuri zuwa wuri a cikin rukuni, masu karo-karo suka dage sai an bar su su tuƙa da kansu tsakanin duniyoyi, aka sauya, kuma wannan tuƙi yana cikin abubuwan da suka ba wasan girmansa.

Bayan wasan ya fito ma aikinsu bai tsaya ba. Jirgi yana iya ɗibar mai ne daga wasu nau'o'in taurari kawai, guda 7. Sabon matuƙi yakan yi tsalle uku ko huɗu a jere zuwa taurarin da ba sa ba da mai, tanki ya bushe, wuta ta ɗauke, agogon iskar shaƙa ya fara ƙirga mintuna. Tun 2015 ƙungiyar Fuel Rats ke ceton irin waɗannan kyauta. Abu na farko da suke ce wa mutum shi ne ya fita daga wasan nan take don agogon ya tsaya. Sai mai rarraba aiki ya tura masa matuƙa, su iso rukunin da yake tun kafin ya dawo, ya shigo, ya kunna alamar da za ta nuna inda yake, su harba masa ƙananan na'urori masu ɗauke da mai, sannan su zauna su koya masa yadda ake tace taswira don kada ya sake. Haka nan farashin kasuwa: 'yan wasa ne suka gina hanyar EDDN, inda ƙaramar manhaja a kwamfutar kowa ke aika farashin duk tashar da ya sauka, shafuka irin su Inara da EDSM su tattara, falke ya duba ya san inda hajarsa ba za ta yi kwantai ba. A 2019 sama da mutum dubu goma suka yi rajistar ayarin Distant Worlds 2 zuwa Beagle Point, tafiyar haske ta shekara 65,000 daga tauraronmu, Rana. Duk wannan talla ce da hidimar abokan ciniki da kamfani bai biya ba. Kuma yana da rauni: a Afrilun 2023 shafin EDDB, wanda fatake suka shekara da shekaru suna dogara da shi, ya rufe saboda mai riƙe da shi ya ce ba zai iya ci gaba ba.

Idan haka ne, me ya kamata mai karo-karo ya nema kafin ya taɓa aljihu? Kada hoton jirgi ya ruɗe shi, ya nemi ya buga zagayen fatauci ɗaya cikakke: ya saro kaya, ya tashi, ya gamu da haɗari, ya sauka, ya sayar, ya sayi wani abu da ribar. Tasha biyar da haja goma sun isa. A can zai duba abu ɗaya da ke fallasa raunin tsari: idan ya sayar da tan 100 na haja ɗaya a tasha ɗaya, farashi ya sauka? In bai sauka ba, cikin mako guda 'yan wasa za su gano hanya mafi riba, kowa ya yi ta zirga-zirga a kanta har ya ƙosa. In ya sauka bai sake tashi ba, kasuwa ta mutu. Ya kuma duba ko masu aikin sun taɓa kammala wani abu. Masu kamfanin Rockfish na Hamburg sun tara yuro 420,000 da 'yan kai a 2015 don Everspace, suka fitar da shi, sannan suka dawo a 2019 neman na biyu, wanda ya fito a Afrilun 2023. Sun riƙa ɗaukar abin da za su iya sauke wa. Ƙarin alkawura kuwa su zama na abin da ba ya taɓa ginshiƙi, kamar kiɗa ko fassara ko ƙarin jirage a kan tsarin da ya riga ya tsaya. Ranar da aka ce da ƙarin miliyan ɗaya za a sa sauka a kan duniyoyi da ƙafa, ya sani an ƙara shekaru, ba watanni ba. Lissafin kuɗi kuma a riƙa fitar da shi duk wata shida: nawa ya shigo, nawa ya fita, wata nawa ragowar za ta kai.

Amma sharaɗin da ya fi duk waɗannan shi ne na ƙarshen rai. A rubuta a cikin yarjejeniya cewa idan aka soke aikin, za a saki rubutun tushe da zane-zanen da aka riga aka yi. Idan kuma wasan ya fito, ranar da za a kashe sabar za a saki manhajarta, ko a fitar da gyaran da zai sa wasan ya yi aiki shi kaɗai. Lokacin rikicin 2014 Braben ya ce in har wata rana aka rufe sabobin, za su saki kwafin wasan da suka adana. Magana ce mai kyau, wurinta kuma takardar da ke ɗaure kamfani ne ko bayan an sauya shugabanni ko an sayar da shi. Wannan kira ba na masu wasan samaniya kaɗai ba ne yanzu. Da Ubisoft ya kashe wasan tseren The Crew a ƙarshen Maris 2024, kwafin da mutane suka saya ya zama hoto, aka tashi da gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Idan mai sayen wasa a shago yana da wannan kuka, wanda ya biya tun wasan yana takarda ya fi shi hujja.

Kamfanoni suna da amsoshinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa kasuwar da kowa ke tarayya a cikinta sai da saba ɗaya, in ba haka ba magudi zai lalata ta. Gaskiya ne muddin wasan yana raye, shi ya sa sharaɗin bai fara aiki sai ranar rufewa, lokacin da babu sauran cinikin da ake karewa. Suna cewa sabar zamani ba manhaja ɗaya ba ce irin ta Freelancer, tarin hidimomi ne a warwatse. Wannan ma gaskiya ne, amma ba wanda ya ce sai an miƙa tsarin da ke ɗaukar mutum dubu ɗari. Siga mai ɗaukar mutum talatin, da hoton yadda farashi da iyakokin ƙungiyoyi suke a ranar ƙarshe, ta wadatar, masoyan da suka warware First Encounters ba tare da taimakon kowa ba za su iya da sauran. Hujja mafi nauyi ita ce ta lasisi: wasa yakan ƙunshi injin wani kamfani, da manhajar sauti ta wani, da ta hana magudi ta wani, kuma ba ka da ikon raba abin da ba naka ba. Waɗannan lasisi kuwa a watannin farko na aiki ake sa musu hannu. Mai aikin da ya san tun ranar farko cewa ya ɗauki alkawarin sakin saba zai zaɓi kayan da lasisinsu ya yarda da hakan, ko ya killace na haya a gefe ta yadda za a iya zare su a sa wasu. Wanda ya tuna bayan shekara takwas zai tarar an saƙa su cikin kowane lungu na rubutun, cire su ya zama aikin shekara guda da babu mai biyan kuɗinsa. Saboda haka lokacin neman wannan sharaɗi shi ne kwanaki 30 zuwa 60 ɗin nan da ake karɓar karo-karo, lokacin da adadin bai cika ba kuma mai neman kuɗin yana amsa kowace tambaya da aka yi masa.